Rabon Yusra da Rana

"Ni na ce ki shanya mini 'ya kamar barkono?"

Hajiya Fiddausi ce ke faɗa, mayafinta ya zame bai ma dame ta ba. Baba Luba, mai rainon gidan, ta durƙusa gefen kafet, ta riƙe hannun Yusra da ɗumin rana bai gama barinsa ba.

"Hajiya, minti nawa ne? Hantsi ma bai dubi ludayi ba. Nan bayan kicin muka zauna wajen igiyar shanya."

"Wajen igiyar shanya! Alhaji, ka ji ko? A Nassarawa, a gidana!"

Alhaji Mustafa na kan kujera yana shafa waya. Irin mazan nan ne da in ya yi tsawa a ofis sai masinja ya manta sunansa, amma a gida ko kyanwa ba ta matsa masa daga hanya.

Abin da ya jawo rigimar ba ɓoyayye ba ne. Wasu likitoci ne suka je makarantar su Yusra da izinin iyaye, suka ɗebi jinin yara masu lafiya, wai suna binciken ko yaron da bitamin Di ya yi wa ƙaranci, bitamin Bi ma kan biyo sahu. Shekaranjiya aka aiko wa Hajiya takardar sakamako aka kira ta, Luba ta bi ta da jakar yarinya. Likitar ta ce Yusra lafiyarta ƙalau, sai dai duka biyun sun yi ƙasa. A ba ta ƙwai da kifi da hanta, a kuma bar ta ta sha hantsi kullum.

To ina Yusra ta san rana? Daga ɗaki mai sanyi sai mota mai baƙin gilashi, daga mota sai aji. Shekararta huɗu, tsakaninta da rana sai ta labule. Abinci kuwa taliyar leda da biskit, in ba Luba ce ta lallaɓa ta da waƙa ba, ƙwai ba ya wuce maƙogwaronta.

"Ai da kunnena na ji likita," in ji Luba a hankali. "Ta ce Di ɗin nan a rana yake."

"Yaushe kika zama likita? Di ɗin a kwalba yake, na sa a kawo daga waje. Ke ko baƙin Di ɗin kin san shi a takarda?"

Luba ba ta sani ba kam. Abin da ta sani, jikokinta na Tudun Wada ƙafa ba takalmi suke yini a lungu, ba a taɓa aiko wa uwarsu takarda ba. Amma ba a faɗa wa mai gidan sama wannan.

"Saura kwana tara bikin ƙanwarka," Hajiya ta juya kan Alhaji. "Ka san me yayarka ta ce ranar sunan yarinyar nan? Ta duba kunnenta ta ce, 'Ayya, ta ɗebo dangin uwa.' Gaban mutane! Shekara huɗu ina kare fatar yarinyar nan, yanzu a kai mini ita cikin 'ya'yansu farare kamar an tsamo ta daga tukunya?"

Kun ji inda gizo ke saƙar. Dangin Alhaji farare ne sol, Hajiya kuwa baƙa ce kyakkyawa, amma tun da ta shigo gidan ba su bar ta ta manta ba.

Luba ta dubi Alhaji. Shi ma ya karanta takardar, jiya ta gan shi yana jujjuya ta. Kalma ɗaya ta ishe shi.

"To, Fiddausi, ai likitar ma..." Ya ga idon matarsa. "Ai duk ɗaya ne. Ku dai ku daidaita."

"Zaɓi biyu ne, Baba Luba," in ji Hajiya. "Ko ki rantse ba za ki ƙara fitar da ita ba, ko ki haɗa kayanki direba ya sauke ki Tudun Wada yanzu."

Yusra ta ja zanin Luba. "Baba, gobe ma za mu je mu ga ƙadangaren?"

Luba ta dubi siraran ƙafafun nan da ta yi wa wanka da hannunta tun suna na jaririya. In ta tafi, rana ta tafi, ƙwan ma ya tafi, don sabuwar mai aiki ba za ta san waƙar ba. In ta zauna, ko ba komai akwai ƙwan.

"Na rantse da Allah," ta ce, "ba zan ƙara ba."

Hajiya ta ci nasara, amma ta tsaya kamar wadda aka mara. Ta dubi mijinta, ya sunkuyar da kai cikin waya. Ta dubi tsohuwar da ta sa ta rantse, ta dubi 'yarta.

"Duk ku ne kuka mai da ni haka," ta ce, hawaye na zubo mata.

Ta fita ta bugo ƙofar har labulayen suka girgiza.