Marin Ƙarshe

Odard bara ne. Tun yana ƙarami ubansa ya kawo shi gidan Renier, wani basarake a ƙasar Burgundi, ya sa hannuwansa biyu cikin na maigidan, ya juya ya tafi. A gidan ya yi gemu, a gidan gemun ya soma furfura.

Aikinsa sananne ne. Shi ke yanka wa maigida nama a teburi, gwiwa a ƙasa. Shi ke ɗanɗana giyar inabi kafin ta kai bakin maigida. Shi ke riƙe likkafa, shi ke cire takalma, shi ke kwana a gicciye a bakin ƙofa. A wuyansa akwai sarƙar ƙarfe mai tambarin gidan. Maƙeri ne ya haɗe bakinta, ba ta da mabuɗi, fatar da ke ƙarƙashinta har ta yi kanta.

Renier mai saurin hannu ne. In nama ya huce, mari. In ruwan wanka ya yi zafi, ɗamarar fata. Odard yakan durƙusa, ya mai da hannuwa baya, ya sunkuyar da kai, ya karɓa. In an gama sai maigida ya ɗora tafinsa a ƙeyarsa ya ce, "Tashi, nawa." Don kalmar nan yake rayuwa. Ranar da ta wuce ba duka ba "nawa", ba ya samun barci. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Hamon, babban kukun gidan, ya sani, don tare suka tsufa.

Da kaka aka yi yaƙi a mashigin kogi. Dokin Renier ya faɗi ya danne shi cikin laka. Odard ya janyo shi ya goya, ga kibiya a cinyarsa, har ya kai shi tudu. Mutane sun gani. Magana ta bazu a ƙasar Burgundi cewa bara ya ceci ubangidansa, ladansa kuwa ɗamara. Renier ba ya jure a yi da shi. Ya ce da bikin Ista za a naɗa Odard barde, a ba shi ƙauye a bayan dutse.

Odard ya gangara kicin da ɗingishi. Hamon na wasa gatarin da yake sara ƙashi da shi.

"A'a, ranka ya daɗe!" in ji Hamon. "Na ji an ba ka ƙasa. Bukkoki da akuya gurguwa. Wa zai cire maka takalmi a can, akuyar?"

"Rufe min baki, tumbi."

"Kai ne na farko da na gani za a naɗa shi barde yana tafiya kamar za a kai shi rataya."

Odard ya zauna a kan buhun gari. "Haƙoran maigida sun zube, Hamon. Sai an yanka masa nama siri-siri. Wa ya san wannan?"

"Akwai masu hannu a gidan nan ban da kai."

"Barde ba zai iya zama ya ci gaba da hidima ba?"

"Barde ba ya durƙusawa ya cire takalmin kowa. Ka fi ni sani. Tashi min daga kan gari."

Ista ta zo. Aka yi masa wanka kamar jariri, aka rage masa gashi, aka sa masa farar riga, aka ɗora ja a kai. Ya kwana a coci a gaban takobinsa. Da gari ya waye maƙeri ya zo da guduma ya datse sarƙar. Iska ta taɓa wuyansa, ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

Aka ɗaura masa ƙaimi mai ruwan zinariya a dugadugai, aka rataya masa takobi. Ya durƙusa gaban Renier. Tsohon ya ɗaga hannu ya wanke shi da mari, yadda ake yi wa kowane barde ranar naɗinsa.

"Wannan ne mari na ƙarshe da za ka sha ba ka rama ba," in ji Renier.

Odard ya sunkuya yana jiran tafi a ƙeyarsa. Bai zo ba.

"Tashi, barde."

Renier ya sumbace shi a kunci kamar sa'ansa, ya wuce.

A ƙofar coci Hamon na tsaye da farin gyauto da gatarinsa, don al'ada ce kuku ya tare sabon barde. Ya ɗaga murya. "Ni ne kukun maigida. Ranar da ka kunyata takobin nan, da wannan zan sare ƙaiminka a kan juji." Sai ya rage murya. "Kada ka sa ni, tsoho."

Odard ya dubi gatarin ya daɗe. Bai taɓa ganin an sare wa kowa ƙaimi ba. Amma a ransa ya ce, wanda aka cire wa ƙaimi ba barde ba ne. Wanda ba barde ba, ai bara ne.

Aka zauna walima. Yau a kan benci aka ajiye shi, cikin barade, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Can a babban teburi wani bara ya durƙusa a wurinsa, yana yanka naman barewa da kauri. Renier ya tauna ya kasa, ya tofar, ya kai wa baran mari. Ƙarar marin ta shiga cikin Odard kamar wuƙa.

Kusa da shi akwai Bertran, matashin barde daga gidan maƙwabta, ya sha ya yi tatul.

"Kai, ba kai ne ka riƙe min doki bara ba?" in ji Bertran. "Wallahi shi ne! An ɗaura wa karen gida sirdi. Zubo min giya, barde."

Kafin Odard ya yi tunani hannunsa ya riga ya kai ga tulu. Na kan benci suka fashe da dariya.

"Kun gani? Yana jin kira." Bertran ya miƙe ya mare shi da bayan hannu, zobensa ya fasa masa leɓe.

Dariya ta ɗauke. Kowa ya dubi takobin da ke kwiɓin Odard. Marin safe bai gama hucewa a kuncinsa ba, kuma ya san abin da aka faɗa a kansa. Ba tsoro yake ji ba. Ya kashe mazan da suka fi Bertran. Ya tashi, ya taka har tsakiyar zauren, ƙaimi na ƙara a kan dutse. Ya durƙusa gaban Renier, ya mai da hannuwa baya, ya sunkuyar da kai.

"Tashi ka zare takobi," in ji Renier.

"Ranka ya daɗe, ni naka ne."

"Na ce ka tashi. Da hannuna na naɗa ka, gaban mutanen nan."

Odard bai motsa ba. Yana jin idanun baƙi a bayansa, yana jiran ƙarar ɗamara. Renier ya ture kujera ya fita daga zauren.

Washegari aka tsayar da shi a kan jujin bayan barga, cikin kashin dawaki. Aka rataye garkuwarsa kai ƙasa. Aka karya takobin a bisa kansa. Hamon ya zo da gatari, idanunsa sun yi ja.

"Wawa," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Tsohon wawa. Miƙo ƙafar."

Sara na farko ya fita lafiya. Na biyu gatarin ya goce, ya haɗa da fatar dunduniya. Aka kwara wa Odard kwanon ruwan zafi a ka don a wanke naɗin. Yana ɗiga, yana zub da jini, zuciyarsa kuwa fari ƙal. Ya soma duba cikin taron ko zai ga maƙeri da sarƙa.

Ba maƙeri aka kawo ba. Makara aka kawo.

Dogarai suka kwantar da shi a kai, suka rufe shi da baƙin mayafi, suka ɗauke shi zuwa coci. Aka kaɗa ƙararrawa a hankali, irin kaɗin mutuwa. Yana kwance cikin duhun mayafin ya ji limamin coci yana karanta addu'ar gawa, ya ambaci sunansa. Jama'a suka amsa. Wannan kam ba wanda ya taɓa faɗa masa.

Da aka sauke shi ya yaye mayafin, ya rarrafa zuwa inda Renier ke tsaye. Ya kwance ɗamararsa ta fata ya miƙa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, na yi laifi. Ga ta."

Renier bai dube shi ba. Ya kalli limamin ya ce, "Wane ne wannan a ƙafata?"

"Maigida, ni ne. Dake ni."

"Odard mun binne shi yanzu," in ji Renier. "Ba na dukan gawa."

Dogarai biyu suka kama shi ta hammata, suka ja shi har waje, suka rufe ƙofar ganuwa.

Bai je ko'ina ba. Ba gidan da zai karɓi mamaci hidima, kuma bai nema ba. Ya zauna a gindin ganuwa. Masu kawo itace da masu kai alade kasuwa suna ratse shi, suna yin alamar gicciye. Kullum da hantsi ana ajiye guntun burodi a kan dutse kusa da ƙofar kicin. Ya san hannun Hamon ne, amma Hamon bai ƙara yi masa magana ba.

Ranar da Renier ya fita farauta, Odard ya ji kofatai, ya ja ƙafarsa da ta kumbura zuwa tsakiyar hanya. Ya durƙusa, hannuwa a baya, kai a ƙasa, ya buɗe ƙeyarsa. Akwai bulala a hannun maigida, ya gan ta.

Renier ya ja linzami kaɗan. Dokin ya kewaye shi ya wuce.