Tabon Waziri Ya Koma Hagu

Kowace Lahadi Sarkinmu na Murnfeld a bainar jama'a yake cin abincin rana, mu kuma talakawa mu hau bene mu kalli ikon Allah. Masu sana'ar hannu a benen dama, makaɗan fada a na hagu. Babu bafaden da ya isa ya haɗiye loma kafin Sarki ya haɗiye tasa, shi kuwa mutum ne mai surutu da abinci a baki. Sai ka ga manyan mutane, da hulunan gashi farare, sun cika kunci da naman alade suna jira, idanu sun yi ja.

Mijina Kaspar Rehbein daga benen dama yake kallo. Sana'arsa sassaƙa hoto a farantin jan ƙarfe, ya shafa tawada, ya danna takarda. Taswira da bangon littafin waƙoƙin coci ake saninsa da su. Abin da ba a sani ba shi ne hannunsa ƙaiƙayi gare shi.

Wata safiya gari ya tashi da takardu manne a bango. Ga Sarki an mai da shi ƙatuwar agwagwa, Waziri na ɗura masa dawa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana zare masa zoben hatimi. Fadawa sun rusuna har hulunan gashinsu sun faɗa a miya. Mata a kasuwa suka yi ta dariya a cikin gyale. Ni ban yi ba, don ni na wanke baƙar tawadar daga rigarsa.

"Kaspar, kashe mu za ka yi?"

"Haba Ulrike, wa ya ga sunana? Ke ma ki yarda wuyan agwagwar nan ya fito."

Wuya ya fito kam. Amma duk ɗan koyo ya san abin da aka sassaƙa a faranti juyewa yake a takarda, dama ta koma hagu, shi ya sa ake sassaƙa shi a juye. Gogan naku daɗi ya ɗebe shi, ya kwafe zanensa kai tsaye. Zauren fada kuwa hagunsa da damansa iri ɗaya ne. Hoton ya fito kamar daga benen makaɗa aka hango shi.

A benen makaɗa mutum ɗaya ne kowa ya san yana zane, ƙanena Wendelin mai goge, wanda ba ya barin gefen takardar kiɗa sai ya cika shi da hancin mutane. Ranar Laraba dogarai suka tafi da shi, ko gogensa ba su bari ya mayar a akwati ba.

Gidanmu ya yi tsit. Kaspar ya binne farantin a ƙarƙashin gawayi, ya daina cin abinci. Na tsane shi a kwanakin nan, kuma duk takun da na ji a titi sai gabana ya faɗi don tsoron kada shi aka zo ɗauka.

Ranar Juma'a da hantsi wani mai suna Dallwitz ya shigo shago. Shi ne kunnen Waziri a gari, mutum mai taushin murya, kullum yana tsotsar alewar tari. Ya cire safar hannu a hankali, ya shimfiɗa takardar hoton a kan tebur.

"Uwargida, sannu da haƙuri. Ƙanen nan naki fa taurin kai gare shi. Ya ce ba shi ba ne, an ce to waye, ya ce bai sani ba. Amma in ya faɗa sai ya sunkuyar da kai."

Kaspar yana goge wata allurar sassaƙa da ta riga ta yi tas.

"Litinin za a wuce da shi kurkukun kan dutse. Kin san sanyin can. Ba na jin yatsun nan za su sake taɓa goge." Ya juya alewar a baki. "Abu ɗaya ke damuna, maigida, kai da ka san aikin. Tabon Waziri a kuncin dama yake. Nan ga shi a hagu. Yaron da ya shekara yana kallon fuskar nan, ya yi irin wannan kuskure?"

"Masu zane kan yi kuskure, ranka ya daɗe," in ji Kaspar.

"Haka ne. Shi dai Waziri mutum ɗaya yake so, bai damu ko waye ba. Ni ma ban damu ba." Ya tsaya gaban madubin askin Kaspar da ke rataye a bango, ya gyara wuyan riga. "Madubi mai kyau. Na bar muku takardar, muna da su da yawa."

Bayan ya fita na ɗauki takardar na ɗaga ta gaban madubin. Tabon ya koma dama. Zauren ya juyo, ga shi nan yadda ake ganinsa daga inda mijina ke tsayawa kowace Lahadi, kusa da ginshiƙi. Kaspar yana bayana, muka haɗa ido a cikin gilashin.

"Faɗi mana," ya ce. "Me kike so in yi?"

"Ni za ka tambaya? Ni na zana?"

"In na je, ba zan dawo ba, Ulrike."

"Na sani."

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Na so in ce kada ka je, na so in ce tashi yanzu, sai kawai na kife takardar a kan tebur.

Asabar ta wuce ba mu yi magana ba. Ranar Lahadi na dawo daga coci ni kaɗai, ƙararrawar cin abincin Sarki tana kaɗawa. Na tarar an tone gawayi ya watsu a tsakar ɗaki, babu farantin. Kaspar ya nufi fada da shi. Rigarsa ta fita unguwa ba ta nan, ya bar mini makullin shago a kan tebur.

Na ɗaga kai na dubi bango. Babu madubin, sai ƙusar da yake rataye a kai.