Hirar Ajidan Harouna a Rediyo

Bayan sadakar bakwai ta Marka, wani mai gabatar da shiri a ƙaramin gidan rediyon gari, Bukari, ya zo ya durƙusa gaban mijinta, Ajidan Harouna, tsohon soji wanda ya daɗe da aje kaki. Ya ce suna da shiri na tunawa da mutanen kirki, kuma a Malanville ba unguwar da ba a san Likita Marka ba. Haka ake kiranta, ko da yake aikin jinya ta yi har ta tsufa.

"Baba, kai ka fi kowa saninta. Ka zo ka ba mutane labarinta."

Ajidan ya amsa nan take. Ranar shirin ya sa farar riga, ya maƙala lambar yabonsa a ƙirji, ya hau kabu-kabu. A gida jikarsa Sa'adiya, wadda Marka ta rena tare da ƙannenta tun rasuwar uwarsu, ta tara kowa tsakar gida, aka aje rediyo bisa turmi.

Da aka kunna mashi abin magana, Ajidan ya fara da kyau. Ya ce ya aure ta yana ƙaramin soji a Kandi. Daga Kandi sai ya tuna da kwamandansa, daga kwamandan ya tuna da ranar da aka ƙara mashi girma a Parakou, da daji da suka kwana ciki, da kyaftin ɗin da ya sara mashi bisa kuskure. Bakinsa ya yi daɗi. Bukari ya yi ta neman ƙofar da zai shiga.

"Baba, ita fa Hajiya, a wane asibiti ta fara aiki?"

Ajidan ya ce, "Nan dai cikin Kandi. Ko Parakou ne? Duk inda aka kai ni, tana biye. Ni ban taɓa hana ta komi ba." Ya koma kan labarin bariki har lokaci ya ƙare.

Ya dawo gida yana jin ya fita kunya. A zaure ba wanda ya tarbe shi da barka. Sa'adiya, wadda kullum take tsokanarsa da "mijina", ta aje mashi ruwa ta juya.

"Amarya, ba ki ji ni ba?"

"Na ji ka, Kaka."

"To, yaya?"

Ta tsaya tana murza bakin zanenta. "Mun ji labarinka. Na Inna muka zauna jira."

A gefe akwai Fadima, tsohuwar abokiyar aikin Marka, wadda ta zo daga Garou zaman makoki ba ta koma ba tukuna. Ba ta yi niyyar magana ba, shi ya matsa mata.

"Ajidan, tunda ka tambaya. A matarnitin Kandi, wurin karɓar haihuwa, muka fara tare. Kuma shekarar da aka maida ka Natitingou, an zaɓe ta za a yi mata majo, ta riƙe asibitin duka. Ta ce ta gaya maka."

Ya buɗe baki zai musa, sai abin ya dawo mashi. Yana zaune yana goge takalmi, ita tana tsaye bakin ƙofa da farar rigarta ta aiki, tana faɗin wata magana da murna. Shi kuwa ya ce ta fara ɗaure kaya, mota za ta zo ranar Asabar. Ba ta sake tada zancen ba, shi ma bai sake tunawa ba sai yau, bayan ya faɗa wa gari duka cewa bai taɓa hana ta komi ba.

Ya sa hannu ya cire lambar daga ƙirjinsa, ya rasa inda zai aje ta, ya tura aljihu.

Kwanaki bai fita majalisarsu ta bakin kasuwa ba. Daga masallaci sai gida, kansa ƙasa. In wani ya ce, "Ajidan, mun ji ka a rediyo," sai ya ji kamar an watsa mashi ruwan zafi, ko da mutumin da zuciya ɗaya ya faɗa.

Ran nan da hantsi ya tafi wurin Bukari da ƙafa. Ya tsaya gaban yaron da a haife ya yi jika da shi, yana ta juya hula a hannu.

"Ɗana, na ɓata maka shiri. In da hali, ka sake shi. Ba ni zan zo ba."

Mako na gaba Fadima da Sa'adiya suka tafi. Shi ya zauna zaure shi kaɗai da rediyo a cinya. Fadima ta faɗi yadda Marka ke karɓar haihuwa da fitilar hannu a baki in wuta ta ɗauke, da yadda matan sojoji ke kawo mata 'ya'yansu har ɗaki a kowane bariki. Sa'adiya ta ce kowace safiya sai Inna ta duba idon kowane jika da harshensa kafin ya tafi lakwal karatu, suna gudu tana kamo su. Ta ce shekarar da ruwa ya ci ƙauyukan Garou aka yi amai da gudawa, Inna ta riga ta aje aiki, amma ta shiga jirgin ruwa ta tafi, ita da ke tsoron kogi har ba ta iya leƙa ƙasa in ana tsallaka gadar Gaya.

Ajidan ya tsallaka gadar nan da ita ba adadi, bai taɓa lura ba.

Da suka dawo, ya matsa ya ba su wuri bisa tabarma. Sannan ya juya wajen Fadima ba tare da ya haɗa ido da ita ba.

"In ba ki gaji ba, ki faro mani tun daga Kandi."

Fadima ta gyara zama. Sa'adiya ta shiga ciki ta ɗora shayi.