Ƙananan da Na Zubar

Shekara ashirin da uku ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen nan, ko ƙwayar halitta ɗaya ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba, kuma duk wanda ya zauna da ni minti biyar sai ya sha wannan labari. Shi ya sa da Dakta, mai binciken da nake yi wa aiki, za ta tafi hutun haihuwa ta bar mini kwalabenta shida, ko kallon takardar da ta manna a ƙofar kabad ban yi ba. Yarinyar da a gabana ta koyi riƙe bututu, ita za ta rubuta mini yadda ake sake ruwa?

Dayatom ne a cikin kwalaben, wasu halittun ruwa da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Kowace tana zaune cikin ƙwanson gilashi, kamar kwano da murfinsa. Aikina in sake musu ruwa, in kula da fitilarsu.

Wata rana ƙaiƙayi ya sa na leƙa su a madubi, na kwatanta da hotonsu da ke bango. Da kyar suka kai rabin na hoton. Na ƙara musu abinci, na matso da fitila, duk a banza. Matata ta ce in kira Dakta in tambaye ta, na ce mata ta tsaya a harkar ɗinkinta.

Ran Asabar na tafi tafkin da aka ɗebo su tun farko. Kwana huɗu ina tsintar manya ɗaya bayan ɗaya da bakin bututu, har idona ya yi ja. Ƙananan kuwa na tuttule su a wurin wanke kwalabe, na bi su da ruwan zafi. Har yaba wa kaina na yi.

Ranar da Dakta ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta zauna gaban madubi. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baba, sun girma!" ta ce.

"Ai kulawa ce," na ce.

"A'a, ba ka gane ba. Duk sanda ɗaya ta rabu biyu, wannan ta ɗauki murfi, waccan ta ɗauki kwano, sabon ɓarin kuma daga ciki ake gina shi, shi ya sa suke ta raguwa. Sai sun ƙanƙance sosai suke iya barbara, a haifi manya. Shekara biyu nake jiran su kai wannan ƙanƙantar. Niyyata in haɗa kwalaben, in sauya musu awannin haske, in rage zafin ɗakin, in ga me zai motsa su. Ga shi sun yi ba a haɗa su ba! Bari in kira shugaban sashe."

Ta ɗauki waya. Da na yi shiru, za ta tsaya gaban manyanta da ƙaryata a bakinta. Na yi maza na tare ta.

"Dakta, ajiye wayar. Daga tafki na ɗebo waɗannan."

"Ina nawa na cikin kwalaben?"

Na nuna wurin wanke kwalabe. Na kasa haɗa ido da ita.

Da ta zage ni, da na ji sauƙi. Ta tashi, ta ɓamɓare takardar nan daga ƙofar kabad, ta miƙo mini da hannu biyu kamar yadda ta saba, ta fita.

Na sa tabarau. Layi uku ne kacal a sama, kafin bayanin ruwa da fitila:

"Baba, za ka ga sun ƙanƙance. Kada ka damu, abin da muke jira ke nan. Ban da kai babu wanda na yarda in bar wa su."