Ranar da Ajuji Ya Sake Suna

A duk ƙasar Mayahi babu wanda ya kai Ajuji taurin rai. Agana ta kama shi ta sake shi, yunwa ta ci ƙauyensu ta bar shi, ya yi aikin tilas na Nasara ya dawo da ƙafarsa. Shi ya sare dajin arewa da Attantane, ya haƙa rijiya gaba ashirin, ya zuba gyaɗa har motoci suka koyi hanyar wurin. Mutane suka taru, aka ce Gidan Ajuji.

Shekara biyu da samun mulkin kai, sai ga Rufa'i, ma'aikacin bariki, ya zo rubuta sunan gari da na masu gida. Ya ce abin da ya shiga takarda, shi 'ya'ya da jikoki za su ɗauka.

"Ajuji? Mi ke nan?" in ji Rufa'i.

Wani ya ce sunan gari ne. Wani ya ce a'a, na mai gari ne. Jatau maƙeri ya yi dariya ya ce, "Ka tambayi kaji, su ke kwana a juji."

Ajuji ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa. Ya gyara rawani ya ce, "Sunan banza ne, wata mahaukaciya ta liƙa mani. Sunana na yanka Alhassan. Rubuta Gidan Alhassan."

Alƙalami ya wuce.

Ashe Iya, mahaifiyarsa, tana bakin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta taso da sandarta.

"Ni ce mahaukaciyar," ta ce. "Biyar na haifa, biyar na rufe. Da ka zo, na kai ka bisa juji na aje, na juya baya, don mutuwa ta zaci shara ce ta wuce. Ina jin kukanka ban waiwaya ba, sai da maƙwabciya ta ɗauko ka. Kai ke nan da ka zauna."

Ajuji ya duƙa wajen Rufa'i ya ce a goge. Rufa'i ya ce an buga hatimi, sai dai a je babban bariki a Tasawa. Ajuji ya je sau uku, bai ga mai gogewa ba.

Iya ba ta ƙara tada maganar ba. Ta yi damina huɗu bayan nan, kullum ya durƙusa gaishe ta sai ta ce, "Lahiya lau, Malam Alhassan," kamar yadda ake amsa wa baƙo.