Robobin da Na Kafa a Lambun Inna

Ni ce auta a gidanmu, kuma ni ce ban iya bambanta shukar tumatir da ta yalo ba. Gara in faɗa da bakina, don Inna ba ta gajiya da ba da labarin.

Shi ya sa da muka yi shuka a lambun bayan gida, na sayo 'yan robobin nan farare masu tsini, na rubuta sunan kowane iri da baƙar maka, na bi layi-layi ina kafawa. Inna na zaune a bakin rijiya tana kallona.

"Oh ni. Auta, wa kike gaya wa sunan kuɓewa? Ita ta san kanta, ni ma na san ta."

"Ni ce ban sani ba, Inna."

"Shekara goma sha shida a makaranta," ta ce, tana girgiza kai.

Na ji haushi, amma na haɗiye, don akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Na samu aiki a nesa, saura wata biyu in tafi. Inna kuwa tana shan magani iri biyu, na safe da na dare, ƙwayoyin duk farare, ga shi ba ta karatu. Ranar da na yi tafiyar kwana ɗaya ta rikita su, ta wuni jiri na ɗibarta. Na ce a ɗaura wa kwalba ɗaya jan zare. Yayanmu ya ce in likita ya canja magani fa? Nan take ya yanke hukunci: ranar da zan tafi zai zo ya ɗauke ta, ta koma gidansa, hawa na uku, inda ko albasa ɗaya ba wurin shukawa. Abincin Inna dai ya ragu, ina gani.

Wata safiya kajin maƙwabta suka shigo suka yi wa lambun kaca-kaca, suka watsar da robobin. Ina sauri zan fita, na bar su a haka ina ta masifa. Da na dawo, sai na tarar da su a tsaye, goma sha ɗaya cif, kowace a gindin shukarta.

"Wa ya mayar da su?"

"Aljanu," in ji Inna.

"Don Allah, Inna. Yaya aka yi kika san wacce ce ta ina?"

Ta kawar da kai, sai ka ce na kama ta da laifi.

"Kullum ina ban ruwa ina ganinsu. Shukar na sani, sai in dubi abin da kika zana mata. Wannan mai sanda da faifai a ka, shi ke gaba a tumatir, shi ke gaba a tattasai. Na ga alama abu ɗaya suke faɗa."

Wallahi harafin T ne Inna ta gane da kanta. Na tsuguna nan cikin laka.

Kada ku ɗauka daɗi aka sha. Ni haƙurina gajere ne, ita kuma ba a ɗaga mata murya. Kullum da hantsi in tumɓuke robobin in cakuɗa, ita ta mayar. In ta yi kuskure na yi tsaki, sai ta ce, "Ni na haife ki, ki kiyaye ni." Sau biyu muna ɓatawa, ta yini ba ta kula ni ba. Washegari in tarar da ita a lambu, roba a hannu, bakinta na motsi. Daga kayan lambu muka koma kan kwalaben magani.

Ranar tafiyata Yaya ya iso da mota da manyan jakunkuna biyu. Inna ta ce ya zauna, ta sa na kawo kwalaben. Ta ɗora yatsa a kan ɗaya.

"Sa... fe. Safe."

"Auta ce ta sa ki haddace," in ji Yaya.

Raina ya ɓaci, na buɗe baki, Inna ta ɗaga mini hannu. Yaya ya zaro biro, ya yi rubutu a bayan wata takarda ya miƙa mata. Ta daɗe tana dubawa.

"Bayan... abinci," ta ce. "Amma rubutun Auta ya fi naka kyau."

Yaya bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai, da ya ɗago idanunsa sun yi ja.

"Mu biyar kika kai makaranta, Inna. Ko ɗayanmu bai taɓa zama ya nuna miki ba."

Ni ma kunya ta rufe ni, don ba da niyya na fara ba.

Ya tashi ya mayar da jakunkunan mota ba komai a cikinsu, ya dawo ya durƙusa a gabanta.

"Asabar zan zo mu fara lambobi, ki riƙa kirana a waya da kanki."

"To, ka zo da wuri," ta ce. "Sai na gama ban ruwa nake karatu."