Bahago A Gefen Allo

Kafin oga ya lura, kafin abokan aikinta su lura, ni na fara gani. Ni da nake share ɗakin, in dafa musu shayi. Ba abin mamaki ba ne. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin tirela, ya faɗa kogi da mota ya fito da ƙafarsa, ya binne duk sa'anninsa na hanya, idonsa ba ya kuskure. Na shigo da tiren shayi wata safiya, na ga Anti ta daina ƙiftawa, na ce a raina matar nan ta ga nata.

Ɗakin da take aiki ba shi da taga. Bango guda duk allo ne, kowane allo an yanka shi gida-gida, kowane gida kyamara ce da aka kafa a shago ko sito ko gidan mai a wani gari mai nisa. Aikinsu kallo. In sun ga hayaƙi ko wani yana haura katanga, su ɗaga waya su kira masu wurin. Kyamarorin ba sa kawo murya, sai dai ka ga mutane suna motsa baki kamar kifi a ruwa.

Anti ita ce babba a cikinsu, mai tabarau, ba ta da yawan magana. A ranar kamfani ya karɓi sabon aiki, wani siton siminti a garin da sai an yi wuni a mota kafin a kai. Aka ba ta kyamarar ƙofar lodi. Can a gefen hoton, cikin 'yan dako, wani dogon saurayi ya sunkuya aka ɗora masa buhu a kafaɗar hagu. Kowa a dama yake ɗauka, shi kaɗai a hagu. Ya karkatar da kai, ya tafi yana ɗan jan ƙafa. Ko a bayan labule ta ga wannan tafiyar za ta gane ta. Ɗanta ne, Bahago.

Shekaru ke nan da ya bar gida. Ubansa mutum ne mai tsanani, ita kuma ta zama idon uban. Wa ya zo wurinsa, wa ya kira shi a waya, me ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, duk sai ta kwashe ta faɗa, tana ganin gyara take yi. Ranar da zai tafi ya ce mata, "Mama, a gidan nan ko tari na yi sai an kai rahoto." Da kawunsa ya gano shi a wani gareji, ita da uban suka je, washegari aka neme shi aka rasa. Da aka sake jin labarinsa ta tafi ita kaɗai, ya hango ta daga nesa ya bi ta baya. Ya bar saƙo wurin maigidansa cewa in aka ƙara bin sawunsa, zai je inda ko gawarsa ba za a gani ba.

Don haka Anti ta san sharaɗin. Muddin bai san ana ganinsa ba, tana da shi. Ranar da ya sani, ta rasa shi.

Ta ja bakinta ta yi shiru. In ta koma gida mijinta ya ce, "Yaya aikin?" ta ce, "Lafiya lau." Ta daina fita hutun rana. Ta san lokacin da yake zuwa, ta san dutsen da yake zama a kai ya ci abinci, ta san wani gajere mai jar hula da ke ba shi dariya. Ranar da ta fara ganin haƙoransa a allo, sai da ta cire tabarau ta goge.

Abokin aikinta da ke zama kusa da ita, wanda muke kira Mai Barci, ya fara tsokana. "Anti, simintin nan gini za ki yi da shi ne? Tun safe ba ki kalli gidan mai ba."

"Kai da ka kalla me ka gani, ban da cikin fatar idonka?"

"Ni tunani nake yi, ba barci ba."

"Tunanin naka har da minshari?"

Ni kam na bari sai da ya fita, na ajiye mata kofi na ce, "Anti, na hagun nan naki ne ko?" Ta kalle ni kamar na kama ta da sata. Sannan ta ce, "Baba Direba, don Allah ka rufa mini asiri." Na ce na riƙe sirrin da ya fi wannan nauyi tun ba a haife ta ba.

Da damina ta kankama, ta ga ya fara ramewa. Ruwa na zuba, sauran su sa leda ko riga, shi daga shi sai singileti. Yakan ajiye buhu ya dafa gwiwa, bayansa na girgiza. Ba ta jin tarin, amma ta san shi tun yana goye. Kuma kafaɗar hagun ta sale, don takan ga yana ɗaga singiletin yana hura wurin. Hannunta yakan kai kan waya, ga lambar siton a gabanta, sai ta janye.

Ta same ni a bakin famfo ina wanke kofuna. Ta ce, "Baba, har yanzu kana da direbobin da ke bin hanyar can?"

"Wanda bai san ni ba a hanyar nan bai fara tuƙi ba."

"Rigar ruwa ce kawai. Sabuwa, daga kasuwa. Babu abin da zai nuna daga ina ta fito. Ka ce wani fasinja ne ya manta da ita."

Na ce, "Anti, kina ganinsa kullum, yana ci yana dariya. Wata uwar ko wannan ba ta samu ba. Ki bar shi haka."

Ta ce, "Tari yake yi, Baba."

Na karɓa a ƙunshe cikin leda, ban buɗe ba, na bi motar wani direba don in kai da kaina.

Ranar da zan isa, tun kafin lokacin aikinta ta zauna. Ruwa ake yi a can, hoton duk ya yi dishi-dishi. Wajen hantsi ta ga mota ta tsaya, ta gan ni na sauko, kuma kowa ya shaida na yi kyau a allo. Ta ga na yi raha da 'yan dako, na miƙa wa Bahago ledar. Ya zare rigar, ya ɗaga ta sama, gajeren mai jar hula ya kai hannu zai fizge, ya buge masa hannu. Ya saka, ta zauna masa daidai. Ya juya musu baya yana yanga, suna tafi. Anti ta yi dariya har Mai Barci ya farka.

Sai aka kira lodi. Ya sunkuya, aka ɗora masa buhu a hagu. Ya yi taku kaɗan ya tsaya.

Ya sauke buhun a hankali. Ya tuɓe rigar, ya juyo cikinta waje. A nan Anti ta tuna abin da ta yi. Da ta kawo rigar daga kasuwa, ta kalli kafaɗar ta ga leda ce shara-shara, ba za ta hana buhu cin rauni ba. Sai ta ninka wani ƙyalle mai laushi ta ɗinke shi ta ciki, a kafaɗar hagu kawai, da ɗinkin hannun nan nata ƙanana-ƙanana da ta yi ta yi wa wandunansa na makaranta. A lokacin ba ta ga komai a ciki ba. Hannunta ne ya yi abin da ya saba.

Ta ga ya bi ɗinkin da babban yatsa. Ya ɗaga kai ya dubi titi. Ya zagaya bayan mota, ya leƙa gidan gaba inda direba ke zama, ya dubi rumfar masu shayi a tsallake. Ita yake nema. Da bai gan ta ba ya dawo tsakiyar fili ya tsaya, ruwa na dukansa. Can sai ya ɗaga fuska sama, a hankali, har idonsa ya sauka a kan kyamara.

"Wannan kuma me yake kallo?" in ji Mai Barci.

Anti ta kai hannu ta rufe fuska, kamar zai iya ganinta. Ta tsakanin yatsu ta ga bakinsa ya motsa. Gajeriyar magana ce. Sannan ya mayar da rigar jikinsa, ya ɗauki buhunsa, ya yi aiki har aka tashi, bai ƙara kallon sama ba.

Da na dawo washegari ta tare ni tun a ƙofa. "Me ya ce, Baba?"

Na so in ce godiya ya yi, amma ni ban iya ƙarya ba. Na ce, "Ya ce, Mama, har nan ma?"

Ta gyaɗa kai, ta wuce ta zauna. Motoci suka zo, aka yi lodi, kowa a kafaɗar dama. Gajeren mai jar hula ya ci abinci shi kaɗai. Da yamma ta ɗaga wayar da ta daɗe tana gudu, ta kira siton. Aka ce mata ai dogon ya tattara kayansa tun da asuba, bai faɗi inda ya nufa ba. Ta ce, "Ya bar wata riga?" Aka duba aka ce babu, da ita ya tafi. Ta yi godiya har mai amsa wayar ya rasa na mene ne.

Yanzu duk sabon wurin da kamfani ya karɓa, ita ke fara roƙon oga a ba ta. Kasuwa, tasha, wurin gini, ko'ina ake ɗaukar kaya. Idonta ya yi rauni, an canja mata tabarau, oga ya ce ta huta ta ƙi.

Wanda ya ce tsoho ne ke zuba, ƙofa a buɗe take. Ya zo in ba shi tsintsiyata ya shiga ɗakin, in ya isa namiji ya tsaya tsakaninta da allon, ya ga ko zai iya kallon fuskarta ya maimaita cewa ƙarya nake yi.